Kowa ya san labarina, amma ba mai tambayata

"Malam, barka da ƙoƙari. Shekara da shekaru ke nan kusan kullum sai na rubuta wani abu game da rayuwata na wallafa a intanet: abin da na yini ina yi, abin da na karanta, abin da ya ba ni dariya ko ya ɓata mini rai. Mabiyana suna da yawa, kuma ba na rasa masu yaba rubutun. Amma kwanakin baya na kwanta rashin lafiya mako biyu ban rubuta komai ba, mutum biyu kacal suka kira ni, ɗaya ma mahaifiyata ce. Aminiyata da muka tashi tare, rabon da mu yi doguwar hira har na manta, alhali ba abin da zan wallafa ba ta danna masa laik ba. Shin intanet ce ta raba ni da mutane, ko dama can haka zumuncin yake ban sani ba? In daina rubutun ne, ko in rufe komai gaba ɗaya?"

Sannu da jiki 'yar'uwa, Allah ya ƙara lafiya. In na fahimce ki daidai, abin da ya tsaya miki a rai shi ne yadda mutum zai kasance a idon jama'a kullum, ana karanta shi ana yaba masa, amma ran da ya kwanta a rasa mai leƙo shi. Sai kuma ko rubutun da kike yi yana da hannu a ciki. Yana da hannu. An saba cewa waya tana cinye lokacin da ya kamata a ba mutane, kuma ba ƙarya ba ne. Amma a aikina na ba da shawara kan zamantakewa, abin da na fi cin karo da shi wajen masu rubutu irinki shi ne, mai sanar da duniya labarinsa kullum yakan bar makusantansa ba su da abin da za su tambaye shi. Zan zo kan wannan. Bari dai mu fara sallamar zargin da ake yi wa intanet ɗungurungum, tunda shi ya sa kike tunanin rufe komai.

Intanet ce mai laifi?

Tambayarki ta girmi Facebook. A tsakiyar shekarun 1990 wasu masana a Jami'ar Carnegie Mellon da ke Pittsburgh a Amurka, ƙarƙashin Robert Kraut, suka samar wa wasu gidaje kwamfuta da layin intanet, suka bi diddigin mutum 169 a gida 73 tsawon shekara ɗaya zuwa biyu. Sakamakon da suka fitar a 1998 ya tayar da ƙura: waɗanda suka fi zama a intanet sun rage hira da mutanen gidansu, da'irar abokansu ta ɗan tsuke, kaɗaici da damuwa kuma sun ɗan ƙaru. Jaridu suka yi ta yamaɗiɗi da shi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, masanan sun sake komawa kan mutanen bayan 'yan shekaru, kuma a rahotonsu na 2002 suka ce yawancin illar da suka gani da farko ta gushe. Suka kuma lura da wani abu da har yau yake nan: mai son jama'a wanda dama yake da masu tallafa masa, intanet ƙara masa take yi; wanda kuwa dama a takure yake, bai cika cin wannan ribar ba.

Tun daga nan ake ta ja-in-ja. A 2019 Amy Orben da Andrew Przybylski na Jami'ar Oxford suka tattara bayanan matasa sama da 350,000 a Amurka da Birtaniya, suka tarar yawan amfani da na'urori bai bayyana fiye da kashi 0.4 cikin ɗari na bambancin walwalar da ke tsakanin matasan ba. Ƙanƙanin abu ne ƙwarai. Ni dai ban ɗauki wannan a matsayin wanke intanet ba. Ƙirga awoyi ne ma'auni maras kyau, domin awa ɗaya ta hira da ɗan'uwanki da ke wata ƙasa, da awa ɗaya ta jan allo kina kallon hotunan baƙi, duk a layi guda ake rubuta su. Ribar wannan ta shafe asarar wancan, lissafi ya fito kusan sifiri.

Wanda ya fi kusa da matsalarki shi ne aikin da Kraut ɗin ya sake yi tare da Moira Burke, aka buga a 2016. Sun haɗa abin da mutum 1,910 suke yi a Facebook a zahiri da amsoshin da suke bayarwa wata-wata kan yadda suke ji a ransu. Abin da ya tafi tare da ƙaruwar walwala shi ne mutum ya samu saƙo ko sharhi da wani makusancinsa ya zauna ya rubuta dominsa. Laik bai yi ba. Karanta abin da abokai suka wallafa wa kowa da kowa shi ma bai yi ba. Burke ɗin ma'aikaciyar Facebook ce a lokacin, don haka ba za a ce ta fito ne don ta ɓata wa kamfanin suna ba. Ki riƙe wannan da kyau, domin abubuwa biyun da ba su yi tasiri ba su ne daidai abin da ya rage tsakaninki da aminiyarki: ke kina wallafa wa kowa, ita tana dannawa.

Mutum biyu, yawa ne ko kaɗan?

Sai batun ko dama can haka abin yake. Ta wani gefen, eh. Robin Dunbar na Oxford ya daɗe yana nuna cewa mutum ba ya iya riƙe alaƙa mai ma'ana da fiye da mutum 150 ko kusa da haka, kuma su ma hawa-hawa ne: kimanin 5 na ƙut-da-ƙut, sai 15, sai 50, sai saura. A 2016 ya fitar da sakamakon tambayoyin da aka yi wa masu amfani da Facebook a Birtaniya. A rukuni ɗaya matsakaicin yawan abokai 155 ne, amma da aka ce nawa za ka iya dogara da su ran da ka shiga tsanani, amsar ta tsaya a wajen 4. Masu ɗaruruwan abokai ma ba su wuce nan da wani abin kirki ba. Yawan mabiya gefen da'ira yake faɗaɗawa, tsakiyarta tana nan yadda take, domin ita da lokaci ake samunta. Jeffrey Hall na Jami'ar Kansas ya ƙiyasta cewa sai an shafe sama da awa 200 tare kafin sanayya ta zama aminci.

To kin ga ashe mutum huɗu ko biyar ne abin dubawa, kuma biyu cikinsu sun kira. Rashin da ya kamata ya dame ki na mutum biyu ne ko uku, wannan kuwa abu ne da ake iya gyarawa. Ba kuma abin mamaki ba ne da mahaifiyarki take cikin masu kiran. Dunbar da Sam Roberts sun bi wasu ɗalibai wata 18 a lokacin da suka bar sakandare suka watse, suka ga dangantakar jini tana jure rashin tuntuɓa, abota kuwa da an yi sake take fara sanyi. Wajen mata, abin da ya fi riƙe abotar shi ne yawan magana da juna. Wajen maza, yin wani abu tare.

Ban ce sauran mabiyan ba su da amfani ba. Tun 1973 masanin zamantakewa Mark Granovetter ya nuna cewa labarin aiki da sabuwar dama sukan zo ta hannun waɗanda aka sani sama-sama, don su suke yawo inda makusantanka ba sa zuwa. A nan intanet ba ta da na biyu. Amma ba su ne masu zuwa dubiya ba, ba su kuma taɓa yi miki alkawarin hakan ba.

Yadda rubutun kullum yake kashe tambaya

Ki sa kanki a matsayin aminiyarki. Dare ya yi, ta gama hidimarta, ta kishingiɗa ta jawo waya. Ga rubutunki: yau aiki ya yi miki yawa, kin gama littafin da kike karantawa, wani abu ya ba ki dariya a hanya. Ta yi murmushi, ta danna laik, ta wuce. A zuciyarta ta gan ki yau. Ta san kina lafiya, ta san inda kika je, ta kuma nuna miki ta gani. Ɗan motsin nan da kan taso wa mutum, "wai ina wance ne, kwana biyu shiru", wanda shi ke sa a ɗaga waya a kira, ba zai taso mata ba, don kin amsa shi tun bai zo ba. Gobe ma haka, jibi ma haka. Tana son ki yadda take son ki. Sararin yin kewarki ne ba ta samu ba. Ido wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe. Aminiyar taki ma gara ita, tana barin shaida da laik ɗinta. A 2013 Michael Bernstein na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa sun gano cewa masu rubutu a Facebook kan yi hasashen kashi 27 cikin ɗari ne kawai na ainihin masu ganin rubutunsu. Wato akwai tarin mutane da suke ji suna tare da ke, sun san motsinki kaf, ke kuwa a wurinki sun ɓace tun bara.

Ran da kuka haɗu kuma, kin fara ba ta labari da zumuɗi, kin kai rabi, sai ta ce "ai na gani". Na sha jin ƙorafin wannan kalma daga ma'aurata da 'yan'uwa da ke zuwa wurina, kuma kaɗan ce maganar da ke yanke hira kamarta. Mai faɗa ba da mugun nufi yake faɗa ba, so yake ya nuna yana bibiya. Amma mai ba da labari ya rasa inda zai ci gaba, mai saurare ya rasa abin tambaya, sai a yi jugum, kowa ya lalubi wayarsa. Daɗin hira yana cikin "sai me ya faru?" da "ke kuma me kika ce mata?", da inda labarinki zai tuno mata nata, ku lula har ku manta inda kuka faro. Rubutun da aka gyara aka kammala aka sa masa aya ba ya barin wannan ƙofar.

Akwai kuma batun matsayi, wanda mutane ke jin nauyin furtawa. Aminci da fifiko yake tafiya: ni na fara ji, ni aka gaya wa abin da ba a gaya wa kowa ba. Wata baiwar Allah ta taɓa zuwa wurina tana kukan ƙanwarta ta ja baya da ita ba gaira ba dalili. Da aka samu zama da ƙanwar, sai ta ce ai ba faɗa suka yi ba. Yayar ce ta samu aiki bayan dogon nema, ita kuwa ƙanwar, wadda ta yi ta taya ta gyara takardu tana kwantar mata da hankali duk lokacin da aka ce ba a ɗauke ta ba, a waya ta gani, ƙarƙashin rubutun da mutane da dama suka riga ta yi wa murna. Ta ce ta rubuta "ina taya ki murna" kamar kowa, ta kife wayar, ta ji wani abu ya tokare mata ƙirji. Yayar ta rantse ko a ranta ba ta kawo haka ba. Ta faɗa wa kowa lokaci guda ne don kada wani ya ce an bar shi a baya. To ai nan ciwon yake. An jera ƙanwar a sahu ɗaya da wanda bai ma san yayar tana neman aiki ba.

Tun 1956 wasu masana biyu, Donald Horton da Richard Wohl, suka yi rubutu kan irin shaƙuwar da mai saurare ke yi da mai gabatar da shiri a rediyo ko talabijin: yana jin ya san shi ciki da bai, alhali alaƙar daga gefe ɗaya take. Mai rubutun kullum yakan mayar da abokansa masu saurare irin wannan ba da saninsa ba. Shi kuwa mai saurare, ran da bai ji muryar da ya saba ji ba, ba ya cewa bari in je in duba ko lafiya. Ɗauka yake an canza shiri.

Wannan ya kawo mu mako biyun da kika yi a kwance. Kafin 2006, a Facebook sai mutum ya tashi takanas ya shiga wurin abokinsa kafin ya ga abin da ya rubuta. In shiru ya tarar, ya san shiru ne. A shekarar ne kamfanin ya kawo jerin labarai mai zuwa da kansa, maɓallin laik ya biyo baya a 2009, yau kuma yawancin manhajojin haka suke aiki. Jerin nan ba ya nuna gurbi. Da kika yi shiru ba a bar wurinki fayau ba, nan take aka cusa wani. Kowa kuma ya san na'ura ce ke zaɓar abin da za ta nuna masa, don haka ko wanda ya lura bai gan ki ba zai iya cewa ƙila manhajar ce ba ta kawo masa ke ba. Ke kina kwance kina ƙirga kwanaki, su ba abin da ya canza a allonsu. In na karanta saƙonki daidai, ba ki gaya wa kowa ba ki da lafiya ba. Hanya ɗaya kika saba faɗin halin da kike ciki, ciwo kuma ita ya fara toshewa. Ina kyautata zaton da yawa cikin waɗanda kike jin haushinsu har yau ba su san kin kwanta ba.

Ke kanki rubutun yana yi miki aiki ta ciki. Ba da labarin kai abu ne mai daɗi ga ƙwaƙwalwa. Diana Tamir da Jason Mitchell na Jami'ar Harvard sun nuna a 2012 cewa mutane har haƙura suke yi da ɗan kuɗin da za su samu don a bar su su yi magana a kan kansu. In kin sauke abin da ke ranki a rubutu da yamma, jama'a suka amsa, buƙatar ki nemi mutum guda ki gaya masa ta ragu. Ke ma ba ki kira ba ke nan. Sannan tunda shugabanki a wurin aiki da surukarki da tsohuwar 'yar ajinku da wanda ba ki taɓa gani ba duk wuri guda suke karanta ki, dole ki rubuta abin da zai shiga kunnen kowa. Ko ɓacin rai kika rubuta, gyararre ne, mai kan gado, da ɗan barkwanci a ƙarshe. Wanda ya shekara yana karanta irin wannan zai ɗauke ki jaruma da ba ta buƙatar kowa. Wasu masu rubutu ma sun gaya mini suna tsakiyar zama da mutane sai su tsinci kansu suna tsara jimlar da za su ba da labarin zaman da ita, gangar jiki tana nan, hankali ya riga ya tafi gaban mabiya.

Abin da murya ke ɗauke da shi

Ko kin koma aika saƙo kai-tsaye, rubutu da murya ba ɗaya ba ne. Akwai wani gwaji da nake yawan kawowa, na Leslie Seltzer da abokan aikinta a Jami'ar Wisconsin, wanda aka buga a 2012. Sun ɗauki yara mata 68, 'yan shekara bakwai da rabi zuwa 12, suka sa su yin jawabi da lissafi a gaban baƙi don hankalinsu ya tashi. Daga nan aka kasa su huɗu: wasu suka ga iyayensu mata ido da ido, wasu suka yi magana da su ta waya, wasu suka yi musayar rubutaccen saƙo da su, wasu ba su samu kowa ba. Da aka auna, waɗanda suka ji muryar uwa, ko a gabansu ko ta waya, sinadarin kotisol da jiki ke fitarwa lokacin fargaba ya yi ƙasa, oksitosin mai alaƙa da natsuwa da shaƙuwa ya yi sama. Waɗanda suka yi rubutu da uwar kuwa, jikinsu bai bambanta da na waɗanda ba su samu kowa ba. Uwar ita ce, lallashin shi ne, muryar ce kawai babu. Ƙaramin gwaji ne kuma a kan yara, amma ya dace da abin da nake gani wajen manya.

Rubutu kuma yana ruɗin mai yinsa. A gwajin Justin Kruger da Nicholas Epley na 2005, masu aika saƙon imel sun zaci kusan kashi 80 cikin ɗari na lokuta za a gane ko da gaske suke ko gatse suke yi. Abin da aka gane bai wuce kashi 56 ba, kaɗan ya ɗara canki-canka. Kina jin muryarki a kanki lokacin da kike rubutawa, mai karantawa ba ya jin ta. Duk da haka mutane rubutun suke zaɓa, don suna tsoron kira zai zo da kame-kame, musamman in an daɗe ba a gaisa ba. Epley ɗin da Amit Kumar sun gwada wannan: suka sa mutane su nemi tsofaffin abokansu, wasu ta imel wasu ta kira. Masu kira sun fi jin kusanci, kame-kamen da suke tsoro kuma bai fi na masu imel ba. Saƙon murya yana tsakiya. Ya fi rubutu, amma kowa jawabinsa yake yi shi kaɗai, ba mai katse wani, ba dariyar da ake yi tare.

In daina ne?

Rufe komai an gwada shi. A 2018 Hunt Allcott da Matthew Gentzkow da abokan aikinsu suka biya wasu Amurkawa kuɗi su rufe Facebook ɗinsu mako huɗu. Sun samu rarar kusan awa ɗaya a rana, sun ƙara zama da iyali da abokai, sun kuma ƙara kallon talabijin su kaɗai. Walwalarsu ta ƙaru, amma kaɗan. Saboda haka hutu ba laifi ba ne, in kina jin latse-latsen ya fi ƙarfinki ki yi shi. Sai dai rufewa ba ta buga wa kowa waya. A halin da kike ciki ma tana iya tsinke ɗan zaren da ya rage tsakaninki da aminiyarki ba tare da kin ƙulla wani ba, kuma in cikin fushi kika rufe, za ki koma zaman jiran wa zai lura, wanda kin riga kin ga yadda yake ƙarewa.

Rubutu kuwa ba zan ce ki daina ba. Wanda ya iya zama kullum ya tsara tunaninsa a rubuce yana da abin da mutane da yawa ke nema. Tun 1986 masanin halayyar ɗan Adam James Pennebaker ya nuna cewa ɗaliban da suka yi minti 15 a rana, kwana huɗu a jere, suna rubuta abin da ya dame su sun rage zuwa asibitin makaranta a watannin da suka biyo baya. Binciken da aka yi daga baya ya nuna amfanin matsakaici ne, amma ki lura da abu guda: rubutun nasu ba wallafa shi aka yi ba. Rubutawa daban, wallafawa daban. Kina iya rubutu kullum, ki wallafa wani, wani ya zauna a littafinki.

Abin da nake sa masu zuwa wurina su canza shi ne jerin wa ke fara ji. Duk abin da ya kai labari, mai daɗi ko maras daɗi, mutanenki huɗu ko biyar ɗin nan su ji shi daga bakinki kafin ya hau intanet, ko da kiran minti uku ne. In ba ki samu kiran ba, rubutun ya jira gobe. Ba abin da zai lalace, sau da yawa ma wanda ya kwana ya fi kyau. Ki kuma riƙa rage wani abu da gangan, ɓangaren da ba za a same shi ko'ina ba sai wurinki, don in ta ce "ai na gani" ki ce "ai ba ki ji sauran ba". Ta ɓangarenki kuma, in kin ga ita ta wallafa abu, maimakon laik ki ɗauke shi ki kai mata shi a keɓe da tambaya: wannan da kika ce, yaya aka ƙare? Kada ki raina ɗan wannan. Peggy Liu ta Jami'ar Pittsburgh da abokan aikinta sun yi gwaje-gwaje da mutum sama da 5,900, aka buga a 2022, suka ga masu tuntuɓar wani haka kawai sukan raina irin daɗin da wanda aka tuntuɓa yake ji, musamman in bai zata ba. In da hali a haɗu, a haɗu, a jefa wayoyin cikin jaka. Zumunta a ƙafa take.

Ran da za ki kira aminiyarki, kada ki buɗe da "na yi rashin lafiya ba ki neme ni ba". Ko gaskiya ce, za ta shiga kare kanta, ku ƙare da lissafin wa ya kira wa a ƙarshe. Ki ce kin yi kewar muryarta, ki ce kin kwanta kwanaki amma kin ji sauƙi, sannan ki tambaye ta ita, ki yi shiru ki saurara. Kafin nan ma ga tambayar da nake yi wa kowa, ba kuma kowa ke jin daɗinta ba: cikin mutanenki na kusa, wa ya yi shiru a 'yan watannin nan? Kin lura? Kin kira? Jerin labaran da ya ɓoye musu shirunki yana ɓoye miki nasu. Gaba kuma in kin kwanta, ki aika wa mutum biyu saƙo ƙarara: ba ni da lafiya, ki kira ni. Jiran a gane da kai gwaji ne da ko masu ƙaunarki sosai za su iya faɗuwa.

Iyakar abin da zan iya faɗa

Yawancin binciken da na kawo a Amurka da Birtaniya aka yi shi, wasu a kan ɗalibai, kuma matsakaicin jama'a yake nunawa, ba ke ba. Akwai mutanen da lissafin ya juye a wurinsu: wanda ciwo ko naƙasa ta tsare a gida, wanda ya yi ƙaura ya bar kowa nasa, mai fama da lalurar da ba wanda ya san ta a kusa da shi. Irin waɗannan sau da yawa a intanet suke samun waɗanda suka fahimce su, abotar da ta faro a can kuma takan zama ta gaske in ta kai ga murya da sirri da ɗaukar nauyin juna.

Sannan gefe ɗaya na ji. Mai yiwuwa aminiyarki tana cikin nata halin da ba ta rubuta ba. Mai yiwuwa kuma abotar ta yi sanyi tun tuni saboda aure ko aiki ko nisa, laik ɗin ne ya rufe abin ya hana ku gani. Daga nan inda nake ba zan iya rarrabe miki ba, amma kira biyu ko uku za su rarrabe.

Abu na ƙarshe ya shafi jikinki. Bayan rashin lafiya mutum kan ji komai ya yi masa nauyi, ƙaramin sakaci ya zama kamar an yashe shi, kuma yawanci yana wucewa. Amma in kin wuce mako biyu kusan kullum ranki a jagule, abin da kike so da ya daina ba ki sha'awa, barci ko cin abinci ya rikice, ko kina jin ba ki da amfani ga kowa, to wannan ya wuce batun waya da rubutu. Ki ga likita ko masanin lafiyar ƙwaƙwalwa, kada ki ce sai kin gyara tsakaninki da mutane tukuna.